Waƙa da siyasa a ƙasar Hausa

Waƙar siyasa ita ce waƙar da ake yi don goyon bayan mai mulki ko jam'iyya, ko sukarsu, ko jan hankalin jama'a kan yadda ake mulkinsu. A adabin Hausa ana samunta a waƙar baka, wadda makaɗa ke rerawa da kiɗa, da kuma rubutacciyar waƙa, wadda ake tsarawa da ƙafiya da ma'auni, a rubuta ta da ajami ko boko.

Kafin jihadi

Tun da can kowace fada tana da makaɗanta, masu taushi da kotso da kakaki. Aikinsu shi ne su koɗa sarki, su ambaci nasabarsa da yaƙe-yaƙensa, su yi wa abokan hamayyarsa zambo da habaici. Wannan yabo yana ƙarfafa sarauta, domin yana tabbatar wa talakawa cewa wanda ke kan gado shi ya cancanta. Malamai ma sun taɓa wannan fage. A ƙarni na 17 malamin Katsina, Wali Ɗan Marina, ya yi waƙa da Larabci yana yabon Mai Ali na Borno kan nasarar da ya samu a kan Kwararrafa.

Zamanin jihadi

Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo (1754–1817) da jama'arsa sun yi rubutu da Larabci don malamai, sun kuma yi waƙoƙi da Fulatanci da Hausa don wanda bai iya karatu ba ya ji ya haddace. Ƙaninsa Abdullahi ya tara waƙoƙinsa a littafin Tazyinul Waraƙat, ciki har da na yaƙin Tabkin Kwatto na 1804. Waƙar "Tabbat Haƙiƙa" ta Shehu, wadda 'yarsa Nana Asma'u (1793–1864) ta mayar Hausa, gargaɗi ce ga masu mulki da alƙalai kan zalunci da cin dukiyar talakawa.

Mulkin mallaka da Jamhuriya ta Farko

Fitowar jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939 da yaɗuwar rubutun boko sun buɗe wa marubuta sabon fili. Sa'adu Zungur na Bauchi, wanda ya rasu a 1958, ya rubuta "Arewa Jumhuriya ko Mulukiya", inda ya gargaɗi sarakuna cewa in ba su gyara mulkinsu ba sarautar za ta kuɓuce musu. Mudi Sipikin ya mayar masa da martani da "Arewa Jumhuriya Kawai". Wannan musaya tana cikin misalan da aka fi kawowa na muhawarar siyasa cikin waƙa.

Bayan kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, da rikiɗewar NPC zuwa jam'iyya a 1951, waƙa ta zama makamin neman ƙuri'a. Mudi Sipikin da Gambo Hawaja da Aƙilu Aliyu sun tsaya wa NEPU da talakawa, makaɗan fada irin su Musa Ɗanƙwairo da Sarkin Taushin Katsina kuma suka yi wa Sardauna Ahmadu Bello waƙa. A lokacin yaƙin basasa (1967–1970) mawaƙa da dama sun koma ƙarfafa gwiwar soja da kiran haɗin kan ƙasa.

Daga baya zuwa yau

Wasu mawaƙan sun shiga siyasar da kansu. Mamman Shata, ɗan Musawa, ya riƙe shugabancin jam'iyyar SDP a Funtuwa a Jamhuriya ta Uku. Tun daga 1999 fiyano da situdiyo sun maye gurbin kalangu a yawancin waƙoƙin yaƙin neman zaɓe, waya da intanet kuma suna yaɗa su. Dauda Kahutu Rarara, daga ƙaramar hukumar Ɗanja ta jihar Katsina, ya yi fice da waƙoƙin APC a zaɓen 2015.

Muhawara

Masu nazari suna yawan tattauna 'yancin mawaƙi. Wanda ubangida ke ɗaukar nauyinsa yana da wuya ya soke shi, wanda ya soki hukuma kuma yakan gamu da fushinta. A 2009 an gurfanar da Aminu Ala gaban kotu a Kano bisa zargin sakin waƙa ba tare da izinin hukumar tace finafinai ta jihar ba.