Daga Buroshi Zuwa Kwamfuta: Tarihin Masu Zana Duniyar Da Babu

Marubucin ƙagaggen labarin kimiyya yana iya gina birnin sama da jimla guda, amma mai shirya fim ba zai zuba kuɗi a kan jimla ba, sai ya gani da idonsa. Wannan ne ya haifar da sana'ar masu zanen share fage, wato masu zana kamannin jirage, birane da halittun labari tun kafin a ɗauki hoto ko ɗaya.

A 1975, George Lucas na Amurka ya nemi Ralph McQuarrie, wanda ya taɓa yi wa kamfanin jiragen Boeing zane, ya zana masa wasu fitowa daga labarinsa. Da fentin ruwa mai kauri da buroshi ya yi su a kan kwali. Zanen nan sun taimaka wajen shawo kan kamfanin 20th Century Fox, har Star Wars ya fito a 1977. Haka H. R. Giger na Suwizalan ya fesa dodon fim ɗin Alien na 1979 da bindigar fenti, Syd Mead kuma, tsohon mai zanen motoci a Ford, ya tsara birnin Blade Runner na 1982.

Mai karatu ya lura da abu guda: a wancan zamani gyara yana da tsada. In darakta ya ce a mayar da hasken rana daga hagu zuwa dama, sau da yawa sai a sake zanen daga tushe. Saboda haka mai zane kan yi dogon tunani kafin ya tsoma buroshi.

Kwamfuta ce ta karya farashin gyara. 'Yan'uwa biyu, Thomas da John Knoll, suka ƙirƙiro Photoshop, aka fara sayar da shi a 1990. John ma'aikaci ne a kamfanin dabarun fim na Lucas ɗin nan. A 1994 aka ƙara wa manhajar dabarar zane hawa-hawa: sararin sama a shimfiɗa ɗaya, jirgi a wata, hayaƙi a ta uku, kamar gilasai da aka jera. Ana iya ɗauke ɗaya ba tare da taɓa sauran ba. Kamfanin Wacom na Japan kuma ya samar da allo da alƙalami mai jin nauyin hannu, in an danna layi ya yi kauri, in an sassauta ya sirance. Zuwa fim ɗin Star Wars na 2002, Ryan Church da Erik Tiemens a kwamfuta suke yin zanensu masu launi. Daga baya masu zane suka riƙa gina gangar jirgi da manhajar siffa mai tsawo da faɗi da zurfi, su liƙa mata gutsattsarin hotunan ƙarfe da duwatsu, sannan su bi da alƙalami su daidaita haske.

To amma kowane allazi da nasa amanu. Da gyara ya yi araha, sai masu fim suka fara neman zane da yawa a ɗan lokaci, zanen kuma suka soma kama da juna, tunda buroshin manhaja ɗaya ake rabawa. A 2022 manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su Midjourney da Stable Diffusion suka bayyana, waɗanda aka horar da ɗimbin hotunan da aka kwaso daga intanet. A Janairun 2023 wasu masu zane uku, ciki har da Karla Ortiz mai yi wa finafinan Marvel zane, suka kai ƙara kotu a Amurka cewa an yi amfani da ayyukansu ba da izininsu ba.

Zanen McQuarrie yana da kwalin da za a ɗaga a ce ga hannunsa. Na magadansa kuwa lambobi ne da ake kwafa cikin ƙiftawar ido. Tambayar da ta kai su gaban alƙali, wato wane ne mai aikin kuma wa zai ci moriyarsa, ita ce dai wadda marubuci ya saba yi duk ranar da ya tarar da littafinsa a kasuwa an buga shi ba da saninsa ba.