Alkyabba da Sarauta a Ƙasar Tsauni da Kewayenta

Duk wanda ya taɓa halartar naɗin sarauta a Tsauni ko Matamaye ko Kance ya san akwai lokacin da taro ke yin tsit, wato sa'ad da aka gama naɗa rawani, aka ɗauko alkyabba aka yafa wa sabon sarki. A ranar nan ba shi yake yafa wa kansa ba, wani hannu ne ke ɗora masa ita a gaban jama'a. Saboda haka wanda ya bi tarihin wannan tufa, ya ga inda ta fito da hannayen da suka riƙa yafa ta, ya san wani babban yanki na tarihin sarautar ƙasar nan.

Alkyabba baƙuwa ce a ƙasar Hausa. Sunanta daga Larabci aka aro shi, ita kuwa tufa ce ta mutanen arewacin Afirka, waɗanda ke shiga cikinta saboda sanyi. A ƙarni na 19 ayarin raƙuma ne ke kawo ta daga Tarabulus, ya bi ta Gadamus da Gat, ya ratsa Abzin da Damargu, ya sauka a Zangon Damagaram bayan tafiyar watanni, daga nan kuma kaya su wuce Kano. Baturen nan ɗan ƙasar Jamus, Heinrich Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya shiga Kano a 1851, ya sauka Damagaram a ƙarshen 1852. Ya lissafa alkyabba da kaftani da jar dara cikin kayan da ake kawowa Kano daga Tunis da Masar, shi kansa kuma alkyabba na cikin abin da yake kai wa sarakuna gaisuwa. Abin da ayari ke komawa da shi arewa shi ne gashin jimina da hauren giwa da jemammun fatu, har da bayi, kuma wannan ma yana cikin kuɗin da aka biya domin adon fada.

Mafi daraja a wancan zamani ita ce ta mulufi. Mulufi ƙyalle ne na gashin tumaki wanda bayan an saƙa ake bugawa cikin ruwa da sabulu har gashin ya kama juna, ya yi kauri, ta yadda ko an yanka shi bakinsa ba ya zarewa. Yankan alkyabba kuwa ba shi da wuya: ana shimfiɗa ƙyalle a fitar da rabin da'ira, a yanke gurbin wuya, a ɗinka ƙoƙuwa, wato abin da ke rufe kai, a haɗa gaba a daidai ƙirji, sauran a bar shi buɗe. Ba ta da hannu. Abin da ke ɗaukar kwanaki shi ne aikin alharini ko zaren zinariya da ake bi da shi a ƙirji da gefuna, da shafin ciki, da tuntun da ke reto a ƙoƙuwa.

Tsadarta da nisan inda take fitowa su suka sa ta zama kyautar manya. A daular Sakkwato, idan za a tabbatar da sabon sarki, ana aika masa da takarda tare da riga da rawani da alkyabba. A ƙarni na 19 ƙasar Kance ta koma bin Damagaram, wadda ta kai matuƙar ƙarfinta a zamanin Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884. Ita ma Damagaram tana kai gaisuwa Kukawa wurin Shehun Barno. Ke nan kowane mai alkyabba yana da wanda ya yafa masa, kuma karɓarta alkawari ne na biyayya da haraji da kawo dakaru ranar yaƙi.

Sarki goma, zamani goma. Faransawa sun ci Damagaram a 1899 bayan yaƙin Tirmini. Ba baƙi ba ne ga wannan al'ada, domin a Aljeriya da jar alkyabba suke naɗa shugabannin ƙabilu. A 1906 suka tuɓe Sarkin Damagaram Amadu ɗan Basa suka kai shi ƙasar Kodibuwa, ba a mai da sarautar ba sai 1923, lokacin da aka naɗa Barma Mustafa. Daga 1906 zuwa 1908 kuma aka kafa alamun iyaka tsakanin mulkin Faransa da na Ingila, aka raba ƙasar nan da Daura. Sarakunan wancan lokaci sun ga da idonsu cewa hannun da ya yafa alkyabba yana iya cire ta. Suna tsakanin kwamandan mai neman haraji da mutanen aikin tilas, da talakawa waɗanda idan abin ya yi musu yawa sai su ƙetare iyaka da dare. Sarkin da ya bari garinsa ya watse, alkyabba ba ta hana a tuɓe shi.

Hanyar da tufar ke zuwa ita ma ta sake. A 1911 Italiya ta afka wa Tarabulus, a shekarar kuma jirgin ƙasa ya iso Kano, sai ayarin hamada ya mutu, ƙyalle ya koma shigowa ta bakin teku. Sannu a hankali maɗinkan Kano da Zariya suka karɓi sana'ar, suna yin ta da karan-miski da shadda da wasu yadudduka marasa nauyi waɗanda suka fi dacewa da zafin ƙasar, keken ɗinki kuma ya rage kwanakin aiki. Da ta yi araha sai ta fita daga fada: amarya na yafa ta, mai saukar karatu na yafa ta, ana kuma ɗinka wa yara ƙanana domin hawan salla. Wasu dattawa na ganin hakan ya rage mata kwarjini, wasu kuwa na cewa shi ya hana sana'ar mutuwa.

Bayan samun mulkin kai a 1960, dokokin ƙasa ne suka tsara sha'anin sarauta, musamman dokar 1993 da wadda ta gaje ta a 2015, inda masu gari ke zaɓen sarkin kanto daga cikin ƴaƴan gidan sarauta, hukuma ta tabbatar. Hannun da ke yafa alkyabba ya matso kusa da jama'a fiye da dā, nauyin da ke cikinta kuma shi ne sasanta manoma da makiyaya, da tsare iyakokin gonaki, da riƙe gari a shekarar yunwa.

Abin da ya rage shi ne tsofaffin alkyabbun da ke cikin adakokin gidajen sarauta. Asu da gara ba su san girman mulufi ba. Ya dace a riƙa fitar da su ana shanyawa a inuwa, a ɗauki hotonsu, a kuma rubuta daga bakin dattawa wanda ya yafa kowace da wanda aka yafa wa, tun masu sanin suna raye. Allah ya jiƙan magabata, ya ja zamanin Sarki, ya ba shi ikon ɗaukar abin da aka ɗora masa.