Yadda Jami'a Ta Matso Kusa da Karkarar Katsina

Kwalejin Katsina da Gwamna Hugh Clifford ya buɗe a 1922 ba don kowa aka gina ta ba. Tsame ɗalibai ake yi 'yan kaɗan daga larduna a horar da su malanta, kuma daga cikinsu Sardauna Ahmadu Bello ya fito. Shi ne a 1962 ya jagoranci kafa jami'ar Zariya mai ɗauke da sunansa, jami'a ɗaya tak ga Arewa gaba ɗayanta a lokacin. Ga mutanen Faskari da Sabuwa Zariya ba ta da nisa a mota. Nisan yana wajen samun gurbi, domin ɗan manomin da ya fito daga sakandaren da ba malamin lissafi zai yi takara ne da 'ya'yan birni. Makarantar share fagen shiga jami'a da Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe a Funtuwa amsa ce ga wannan giɓi.

An ƙirƙiri Jihar Katsina a 1987, amma sai a 2006 gwamnatin Umaru Musa 'Yar'aduwa ta kafa jami'ar jiha, wadda aka sa wa sunansa a 2009. A 2011 gwamnatin tarayya ta ƙara da ta Dutsin-Ma. Masu suka na cewa an yawaita jami'o'i ba kuɗin riƙe su, suna kafa hujja da yajin aikin wata takwas da malamai suka yi a 2022. Maganarsu na da ƙamshin gaskiya, sai dai rashin kuɗi laifin kasafi ne, kuma rage jami'o'i ba zai cika asusun waɗanda suka saura ba. Abin da zai yi shi ne mayar da gurbi hannun mai hali da mai hanya. Kusanci kuwa yana rage kuɗin mota da na haya, yana kuma sa uban da ba zai bar 'yarsa ta tafi Maiduguri ba ya yarda da Dutsin-Ma.

Barazanar da ta fi girma yanzu tana ƙasa da jami'a ne. A Disambar 2020 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, aka rufe makarantun kwana a faɗin jihar. Yaron da tsoro ya hana gama sakandare ba zai zauna jarrabawar JAMB ba, ko da an gina masa jami'a a bakin kasuwar garinsu.