Yadda ƙugiya ta shiga kwamfuta

A hutun da ya wuce na je gida Korgom, sai wani mushe, abokina tun muna ƴan lakwal, ya miƙo mini wayarsa rai a ɓace. Wani matashi ne ya yi masa ɗan shafin intanet na darussan karatun Hausa, da sunayen yaran ajinsa. Baƙo ya fito BaÆ™o, Ɗanladi kuwa ÆŠanladi. Matashin ya ce kwamfuta ce ba ta jin Hausa, a cire ƙugiyoyin kowa ya huta. Na ce, malam, kar ka yarda. Yaron da ka koya wa bambancin kafa da ƙafa, ko baki da baƙi, me za ka ce masa in ya ga shafinka ya haɗe su?

Waɗannan haruffa ba a banza aka same su ba. Turawan farko da suka rubuta Hausa da boko kowa da dabararsa, wani ya sa ɗigo ƙarƙashin harafi, wani ya liƙa alama a gefe. Sai a shekarun 1930 ɓ, ɗ da ƙ suka zauna a littattafan hukumar talifi ta Zariya, zamanin Rupert East, kuma a 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo, Abubakar Imam yana editanta. A namu ɓangaren lakwal Faransanci zalla ce. Bayan samun ƴancin kai aka yi taron Bamako na 1966 kan rubuta harsunan yankin, a 1973 aka buɗe ajin gwaji na koyarwa da Hausa a Damagaram, sannan a 1999 gwamnati ta fitar da ƙa'idar rubutu. Mu ƴ muke rubutawa, ƴan'uwanmu na Katsina da Daura kuma 'y. Harshe ɗaya ne, turawa biyu ne suka raba mu.

Ita kwamfuta lamba ta sani, ba harafi ba. Tsarin ASCII da Amurka ta fitar a 1963 gurbi 128 gare shi, daidai bukatar Ingilishi. Ko é ta Faransanci ba ta samu shiga ba, balle ƙ. Waɗanda suka yi aikin buga takardu a Maraɗi ko Tasawa a can baya za su tuna yadda ake gama bugu a ɗauki biro a bi ana zana ƙugiya ɗaya bayan ɗaya. Daga baya aka ƙirƙiro salon haruffa na musamman, amma da ka kai aikin wata na'urar sai ya rikice.

Gyaran ya zo da Unicode a 1991, wanda ya ba kowane harafi lambarsa ta har abada: ƙ ita ce 0199, ɗ 0257, ɓ 0253, ƴ 01B4. A 1992 Ken Thompson da Rob Pike suka tsara UTF-8, hanyar adana waɗannan lambobi, kuma ita ce kusan duk shafukan duniya ke bi yau. A cikinta ƙ gurbi biyu take ci. In shafi bai faɗa wa waya da wane tsari aka rubuta shi ba, tana iya karanta gurbin biyu a matsayin haruffa biyu na tsohon tsarin Turai. Daga nan Æ™ ta fito. Ke nan uzurin matashin ya mutu shekara talatin da ƴan kai da suka wuce, wataƙila kafin a haife shi.

Ban zarge shi ba, ba wanda ya nuna masa. Muka zauna da shi da yamma. A saman shafin muka ƙara <meta charset="utf-8">, muka sa lang="ha" don a san Hausa ce. Sannan ya buɗe baƙin allon nan da ake rubuta wa kwamfuta umarni kai tsaye. Umarnin file -i darasi.html ya nuna mana tsarin da aka adana fayil da shi. Da grep -n "k'" darasi.html muka zaƙulo duk layin da aka rubuta k' a madadin ƙ, tare da lambar layin. Wannan grep ma Thompson ɗin ne ya rubuta ta tun farkon shekarun 1970, har yau tana aiki kamar tsohuwar hauya. Sai sed -i.bak "s/k'/ƙ/g" darasi.html ya canza su gaba ɗaya, ya kuma ajiye kwafin asali. Kar a raina kwafin nan, domin sed ba ta tambaya, abin da ka ce shi take yi ko da kuskure ne.

Inda aka cire ƙugiyar ɗungurum, babu umarnin da zai san ko kasa ake nufi ko ƙasa. Wannan sai mai jin harshen ya bi layi layi, kuma mushen ne ya kwana biyu yana yi.

Tun Maris na 2025 kundin sabunta ƙasa ya ayyana Hausa harshen ƙasa a Nijar, don haka takardun yaranmu za su ƙara bi ta hannun irin wannan matashi. Duk wanda zai ba da aikin shafi ko rajista, kafin ya biya ya sa a rubuta masa Baƙo, Ɗanladi, ɓera da ƴaƴa, ya duba su a wayoyi biyu daban.