Masu Tsaron Gadon Mai Ciwon Zuciya

Idan ana ba da tarihin yunƙurin gyara zuciyar da ta lalace da ƙwayoyin halitta na asali, waɗanda ke iya rikiɗa su zama wani nau'in nama, sunayen likitoci ake jerawa. A ganina wannan rabin labari ne, domin ba don ma'aikatan jinya sun riga sun ƙware a sana'o'i biyu ba, da babu asibitin da zai yi gangancin gwada wannan magani a jikin ɗan Adam.

Sana'ar farko ta samo asali ne a 1962, lokacin da likita Hughes Day ya buɗe ɗaki na musamman don masu bugun zuciya a Kansas ta Amurka. Nan da nan aka gane cewa zuciyar da ta rikice ba ta jiran a taso likita daga gida. 'Yan mintuna ne tsakanin rai da ajali. A Filadelfiya, likita Lawrence Meltzer da nas Rose Pinneo suka koya wa nas-nas karanta layin da ke gudu a allon na'ura, da ɗora faranti biyu a ƙirjin majinyaci a ba shi wutar lantarki ba tare da jiran umarni ba. Ta biyun kuwa a ɗakunan dashen ɓargo ta girma, musamman a Siyatil, ƙarƙashin likita E. Donnall Thomas wanda ya samu kyautar Nobel a 1990. A can nas ta saba da tabbatar da cewa jakar ƙwayoyin ta mai ita ce, ta zauna tana duba zazzaɓi da numfashi yayin da suke shiga jijiya.

Da likita Philippe Menasché ya yi wa wani majinyaci allurar ƙwayoyin tsokar cinyarsa a zuciya a Faris a 2000, kuma likitocin Jamus suka fara zuba ƙwayoyin ɓargo ta jijiyoyin zuciya a 2001, sai sana'o'in biyu suka haɗu a gado guda. Huɗu cikin majinyata goma na farko a Faris sun gamu da rikicewar bugu mai haɗari, irin abin da sa ido dare da rana kaɗai ke kamawa.

Wani zai ce ai nas umarni take bi, ba ita ta ƙirƙiro maganin ba, kuma maganin ma bai cika alkawarinsa ba. Batu na biyun gaskiya ne. Gwajin BAMI da aka yi a Turai kan wannan magani ya nemi mutum 3,000, ya ƙare da 375. A 2018 jami'ar Harvard ta nemi a janye maƙaloli 31 daga ɗakin binciken Piero Anversa, mai bincike a wannan fanni, saboda ƙirƙirar bayanai. Amma wannan ƙarfafa hujjata yake yi. Wani nazari da mujallar BMJ ta buga a 2014 ya duba gwaje-gwaje 49, ya gano cewa waɗanda alƙalumansu suka fi cin karo da juna su ne suka fi iƙirarin nasara, waɗanda lissafinsu ya daidaita kuwa ba su nuna wata fa'ida ba. Ashe rubuta awo daidai, da kiran majinyaci ya dawo bayan wata shida, da shigar da kowace illa cikin takarda komai ƙanƙantarta, su ne ke raba magani da buri, kuma a gwaje-gwajen asibiti da dama nas mai kula da bincike ce ke riƙe da wannan aiki.

Ita ce kuma wadda majinyaci ke tambaya bayan likita ya fita, ko wannan allura za ta mayar masa da zuciyarsa sabuwa. A yau da wasu asibitocin kuɗi ke tallan maganin da ba a tabbatar ba, amsar da ta kamata ta ba shi ita ce har yanzu gwaji ne, kuma kada ya ajiye magungunansa.