Haɗarin X-15: Yadda Jiragen Sama Suka Koma Aiki Da Jadawali

Yau ɗan tarihi za mu taɓa.

Duk direba ya san murɗa sitiyarin da ake yi a cikin layi, in aka yi irinsa ana gudun kilomita 120, sai dai gyaran Allah. To haka jirgin sama yake. In gudunsa ya ninka biyu, ƙarfin iskar da ke bugun fiffike ninkawa huɗu yake yi. In kuma ya lula sama sosai, iska ta yi ƙaranci, motsa fiffiken ba ya wani tasiri. Shi ya sa dole na'urar da ke daidaita jirgi ta riƙa canza ƙarfin gyaran da take yi.

A shekarun 1950, hanya biyu ce a gaban injiniyoyin Amurka. Ta farko jadawali: a yi lissafi tun a ƙasa, a rubuta cewa a gudu kaza da nisa kaza, ga ƙarfin gyaran da za a yi. Ta biyu kuwa, a bar na'ura ta lura da yadda jirgin ke amsawa, ta daidaita kanta.

An gwada ta biyun a X-15, jirgin gwaji mai injin roka. Guda uku aka ƙera, na ukun aka sa masa na'urar MH-96 ta kamfanin Honeywell, kuma ta yi shekaru tana aiki lafiya lau.

Ranar 15 ga Nuwamba 1967, Manjo Michael Adams ya kai nisan kusan kilomita 81 a sama. Matsalar lantarki ta taso, jiri ya kama shi, jirgin ya shiga juyi. Ya fita daga juyin, amma na'urar ta ci gaba da gyara da ƙarfi fiye da kima, jirgin ya dinga kaɗawa sama da ƙasa har ya tarwatse. Adams ya rasu.

Ba na'urar kaɗai ta jawo haɗarin ba, amma an daɗe ana ɗari-ɗari da irinta. Jadawali ya ci gaba da zama abin dogaro, saboda ana iya gwada kowane layinsa kafin mutum ya hau jirgi. A 1972 NASA ta tashi jirgin F-8 da kwamfutar shirin Apollo, kuma shigowar kwamfuta ta sa ajiye jadawali ya yi sauƙi.

Shi ma fa yana da iyaka. A 1990 Shamma da Athans sun nuna cewa tabbacinsa ya dogara ne ga yanayi ya riƙa canzawa a hankali.

Hanyoyin nan biyu suna cikin wayarka. Da can hasken allo jadawali yake bi, tun daga Android 9 kuma yake koyon ɗabi'arka. In waya ta yi kuskure, ja ɗaya za ka yi da yatsa ka gyara. A sama babu wannan damar.