Waƙoƙin Siyasa na Hausa: Daga Zuwan Nasara Zuwa Neman 'Yanci

Rubutattun waƙoƙin siyasa na Hausa, waɗanda malamai ke tsarawa bisa ƙafiya da awon aruli a kan mulki da 'yanci da makomar ƙasa, tushensu wa'azin zamanin jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ne, amma ba su ɗauki sifar da aka san su da ita ba sai da daular Ingila ta iso. A can Ingila, zamanin Sarauniya Biktoriya (1837 zuwa 1901), sha'irai irin su Tennyson sun yabi 'yancin mutanensu da jaruntakar askarawansu, Kipling kuwa a 1899 ya siffanta mallakar ƙasashen wasu a matsayin wajibi, alhali waɗanda aka mallaka ba wanda ya nemi shawararsu.

Martani ya fara fitowa daga malamai. Alhaji Umaru, haifaffen Kano wanda ya rasu a Kete-Krachi a 1934, ya ƙidaya a waƙe garuruwan da Nasara suka ci ɗaya bayan ɗaya. Akwai kuma waƙar da ake danganta wa Sarkin Musulmi Attahiru, wanda ya yi shahada a Burmi a 1903, mai kira zuwa ga hijira. A wurin waɗannan bayin Allah, 'yanci shi ne kuɓutar addini, ƙasa kuwa ita ce duk inda shari'a ke tsaye.

Wanda ya sauya akalar fannin shi ne Malam Sa'adu Zungur na Bauci, masanin Larabci da boko, wanda ya rasu a 1958. A cikin "Maraba da Soja" ya tarbi sojojin da suka komo daga Yaƙin Duniya na Biyu, yana tunatar da cewa wanda ya zubar da jini domin 'yancin wasu ya cancanci nasa. A cikin "Arewa Jumhuriya ko Mulukiya" kuwa, bayan ya dubi abin da ya sami sarakunan Indiya da ƙasarsu ta sami mulkin kai a 1947, ya gargaɗi sarakunan Arewa cewa in ba su yi gyara sun riƙe adalci da shawara ba, to, sarautar da suke taƙama da ita za ta suɓuce musu; abin mamaki, misalin da ya kafa musu shi ne sarautar Ingila, wadda doka ta yi wa linzami. Hujja ce mai kaifi ƙwarai, domin da makamin mai mulki ya yaƙi mulkin. Alhaji Mudi Sipikin ya mayar masa da martani da "Arewa Jumhuriya Kawai", kuma da aka kafa NEPU a Kano ran 8 ga Agusta 1950, irin su Gambo Hawaja suka ɗauki waƙa suka kai ta filin lacca, inda maganar ta koma kan talaka da haraji da sawaba.

Kaduna, wadda ta zama hedkwatar Arewa a 1917, tana da rabo babba a wannan tarihi, kuma bai kamata a taƙaita shi ga majalisa da gidajen gwamnati da ke arewacin kogin Kaduna ba. A kudancin kogi ne babbar tashar jirgin ƙasa take, inda layin Ikko ya haɗu da na gabas, kuma ma'aikacin reluwe ne, D. A. Rafih, ya jagoranci kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa A Yau a Kaduna a 1948, ɗaya daga ƙungiyoyin da suka haifi NPC. Da aka buɗe masaƙar Kakuri a 1957, wasu masaƙu suka biyo baya, sai leburori daga kowace kusurwa suka cika Kakuri da Makera, ƙabilu daban-daban, addini daban-daban, Hausa ce harshen da ya haɗa su a bakin injin da wajen taro. Irin wannan jama'a, wadda ba ta ƙarƙashin ganuwar kowane sarki, ita ce ta fi dacewa da ƙasar da Zungur da abokan jayayyarsa suke muhawara a kanta. Mulkin kan Jihar Arewa ya tabbata ran 15 ga Maris 1959, shekara guda bayan rasuwar Zungur.